Hitler ba ɗan gurguzu ba ne

Da an taɓo tarihin Jamus sai ka ji wani ya ce ai Hitler ma ɗan gurguzu ne, tunda a sunan jam'iyyarsa ta Nazi akwai kalmar soshalis, wato gurguzu. Sunan dai kamun ƙafa ne wurin ma'aikata, don a samu ƙuri'unsu.

A duba abin da ya yi da ya hau mulki a Janairun 1933. Da aka ƙona majalisar dokoki a Fabrairu, kan 'yan kwaminis, masu tsananin ra'ayin gurguzu, aka ɗora laifin, aka yi ta kamen su. Su da 'yan soshalis ne suka fara cika sansanin gwale-gwale na Dachau. Ranar 2 ga Mayu aka rufe ƙungiyoyin ƙwadago. Shugaban 'yan kwaminis, Ernst Thälmann, ya yi shekara 11 a tsare kafin a harbe shi a 1944. Su kuwa manyan kamfanoni irin su Krupp, suna hannun masu su, suna ta cin kwangilar makamai.

Gaskiya ne, Hitler da Stalin, shugaban gurguzu na Tarayyar Soviet, duk sun murƙushe 'yan adawa, babu zaɓen kirki. Amma gurguzu rigimarsa ta talaka da mai jari ce, shi kuwa Hitler tasa ta jini da asali ce, shi ya sa Yahudawa suka fi kowa shan wuya a hannunsa.