Wa zai yi musu juye bayan an gama fareti?

Jama'a, shekarata 22 ina kwance injin Land Cruiser a nan N'Djamena. Duk ranar 11 ga Agusta, ranar bikin 'yancin kan Cadi, idan aka jero kayan yaƙi ana tafi, ni tunanina yana kan wanda zai yi musu juyen baƙin mai bayan wata shida, da inda za a samo kayan gyaransu.

Ku tuna guguwar 1 ga Yuli, 2017. Iska ta afka wa sansanin jiragen sama na birnin nan, ta lalata jiragen yaƙi da masu saukar ungulu suna ajiye a ƙasa, ba wanda ya harba ko harsashi ɗaya. Kuma a wane lokaci? Farashin ɗanyen mai ya faɗi tun 2014, an yanke wa ma'aikata alawus, ga bashin kamfanin cinikin mai na Glencore a wuyan gwamnati. Kuɗin gina rumfa mai ƙarfi bai kama ƙafar kuɗin jirgi ɗaya ba. Har yau abin nan yana ci mini rai.

Wani ɗan kasuwa yana da motoci uku masu zuwa Faya. Kulochin ɗaya ya mutu, ya ce in ciro na ta biyu kafin kuɗi su samu. Na ce, "Alhaji, wannan rance ne da ba a biya." Bayan wata biyu muka cire mata batir, sannan lagireto, sannan tayoyi. Yau tana bayan garejina kan duwatsu, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Haka kayan soja suke mutuwa a duk ƙasar da aljihunta ya yi rauni: a takarda motoci goma, a fili huɗu ke tashi. Ƙurar sahara kuwa ba ta raga wa kowa. Ka buɗe filtar iskar motar da ta dawo daga arewa ka karkaɗe, rairayin ya cika tafin hannu biyu. Idan ya wuce filta, fistin da zobba yake ci.

Me ya ba mu nasara a kan Libiya a 1987, a Fada cikin Janairu da Wadi Dum cikin Maris? Jarumtaka, sannan Toyota ɗauke da makamin MILAN mai fasa tankokin yaƙi. Mota ce da yaron gareji ya san cikinta, kayanta kuma suna kasuwa. Tankokin T-55 na Gaddafi har yanzu wasunsu na kwance cikin rairayi.

Jiragenmu Su-25 daga Yukiren aka sayo su tun 2008, masu saukar ungulu Mi-17 da Mi-24 ma ƙirar Tarayyar Sobiyet ne. Tun da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022, samun kayansu ya zama jan aiki. Ba na adawa da jirage marasa matuƙa da aka karɓo daga Turkiyya. Wanda ya tuna harin Boko Haram a Bohoma a Maris 2020, inda muka rasa sojoji kusan 100, ya san tafkin Cadi yana buƙatar ido a sama. Amma sojojin Faransa sun tattara tun Janairun 2025, nauyin duka ya dawo kanmu.

Roƙona ga masu tsara kasafi: duk abin da za a sayo, a sa kuɗin kayan gyaransa da horar da makanikai cikin yarjejeniyar tun farko. A riƙe tsofaffin makanikan soja da albashi mai kyau su koyar da yara kafin su yi ritaya. A duba rumbunan harsasai kuma, domin mu da muka kwana muna jin fashewar rumbun makamai na unguwar Gudji daren 18 ga Yuni, 2024, yaranmu har yanzu suna firgita idan taya ta fashe a titi.