Kotun Ciniki Ta Duniya Ba Alƙali, Ƙananan Ƙasashe Ke Ji A Jikinsu

A hedikwatar Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya, WTO, da ke birnin Janeba, akwai kotun ɗaukaka ƙara mai kujeru bakwai. Tun ranar 11 ga Disamban 2019 kotun ba ta iya sauraron sabuwar ƙara ba, domin ƙa'ida ta ce sai alƙalai uku sun zauna, alhali a lokacin ɗaya ce tak ta rage. Yanzu ita ma ta tafi. Amurka ce ta hana naɗa sababbi, kuma ba aikin Trump kaɗai ba ne: a 2016 gwamnatin Obama ta ƙi amincewa a sabunta wa'adin wani alƙali ɗan Koriya ta Kudu, Biden ma da ya zo bai buɗe ƙofar ba.

Abin dariyar, in har abin dariya ne, shi ne ba a hana kowa ɗaukaka ƙara ba. Duk ƙasar da ta sha kaye a matakin farko sai ta miƙa takarda ga kotun da ta san babu kowa a ciki, shi ke nan hukunci ya rataya har illa masha Allah. Amurka ta yi haka bayan an yanke a Disamban 2022 cewa harajin kashi 25 cikin ɗari da ta ɗora wa ƙarfe a 2018, da sunan tsaron ƙasa, ya saɓa ƙa'ida. Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi, don ita ce kan gaba wajen gina tsarin tun yarjejeniyar haraji da ciniki ta 1947 da ake kira GATT. Indonesiya ma ta koyi darasin. Ta hana fitar da ɗanyen ma'adinin nikel a 2020 don a riƙa sarrafa shi a gida, Tarayyar Turai ta kai ta ƙara ta yi nasara, ita kuwa ta ɗaukaka ƙara ta ci gaba da harkarta.

Na san akwai masu cewa Allah raka taki gona, ai dama dokokin ba don talaka aka rubuta su ba. Ba zan ƙaryata su ba. Dubi auduga. A 2003 ƙasashen Benin da Burkina Faso da Chadi da Mali sun je taron WTO a birnin Kankun na Meziko suna kukan cewa tallafin da Amurka ke ba manomanta yana karya farashi a kasuwar duniya. Brazil, mai ƙarfin ɗaukar lauyoyi, ita ta kai ƙara, ta kuma yi nasara a 2005. Me ya biyo baya? A maimakon ta janye tallafin nan take, Amurka ta amince a 2010 ta riƙa biyan ɓangaren audugar Brazil kimanin dala miliyan 147 duk shekara, sannan a 2014 aka rufe maganar da dala miliyan 300. Wanda ya iya shari'a an sallame shi, manomin Mali kuwa ko sisi. Antigua da Barbuda, tsibiran da mutanensu ba su kai dubu ɗari ba a lokacin, sun kayar da Amurka kan cacar intanet, aka ba su izinin ramuwa ta dala miliyan 21 a shekara. To ramuwa da me? Ƙasar da kusan komai sayowa take yi, in ta tsawwala wa kayan Amurka haraji, 'ya'yanta za ta cuta.

Duk da haka ina ganin masu murnar mutuwar kotun ba su duba abin da ya maye gurbinta ba. A 1997 Kosta Rika ta kayar da Amurka a shari'ar da aka yi kan kamfai na auduga, Amurka ta bar takunkumin da ta sa wa shigo da shi ya mutu. Ƙaramar magana ce, amma masu ɗinki a wata ƙaramar ƙasa sun ci gaba da cin abinci saboda akwai inda za a tsaya a karanta yarjejeniya a ce wane ka yi kuskure. Kwatanta wannan da Lesotho. Ranar 2 ga Afrilun 2025 aka wayi gari an yanka mata harajin kashi 50 cikin ɗari, mafi tsanani a jerin da Trump ya ɗaga a gaban 'yan jarida. Laifinta kawai tana sayar wa Amurka wandunan jins da lu'ulu'u, ba ta da kuɗin sayen kayan Amurka da yawa. Daga baya an rage zuwa kashi 15, amma kafin nan masu saye sun janye oda, masaƙu sun sallami mata ma'aikata, gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci kan rashin aikin yi. Ba ƙara, ba alƙali, sai roƙo. Wannan shi ne zaman kashin dankali.

Ginshiƙin tsarin abu ne mai sauƙin fahimta: rangwamen da ka yi wa wata ƙasa, dole ka yi wa sauran membobi, waɗanda yanzu sun kai 166, kuma harajin da ka yi alkawarin ba za ka wuce ba, kada ka wuce. Babbar ƙasa ba ta cika buƙatar wannan ba, girman kasuwarta ya ishe ta makami. Mai ƙaramar kasuwa ne ke rayuwa da shi, domin ba mai zuba jari ya kafa masana'anta in bai san harajin baɗi ba. An taɓa gwada ɗaya hanyar. Bayan dokar harajin Amurka ta 1930 kowa ya rama, cinikin duniya ya zube da kusan kashi biyu bisa uku cikin 'yan shekaru, kuma tsoron maimaita hakan ne ya haifi GATT.

Ƙorafin Amurka ma ba duka ne banza ba. An rubuta dokokin kafin China ta shiga a 2001, kuma ba su tanadi yadda za a yi da ƙasar da gwamnati da bankuna da kamfanoni ke tafiya tamkar tsintsiya ba. Zagayen tattaunawar sabunta dokokin da aka buɗe a birnin Doha a 2001 ɗin ya mutu a tsaye, don sai kowa ya yarda ake zartar da abu. Ciniki kuwa bai jira ba. Yau rigimar ta koma kan bayanan intanet, da batir, da na'urorin kwamfuta, da harajin hayaƙi da Tarayyar Turai ke ɗora wa siminti da ƙarfe da takin zamani a kan iyakarta. Kowa na zuba tallafi a masana'antunsa, har da waɗanda suka shekara talatin suna yi wa matalauta wa'azin haramcinsa.

A nan ne nake ganin ƙasashe masu tasowa ke da abin cewa, in za su daina zuwa ɗaya bayan ɗaya neman alfarma. Buƙatar Indonesiya ta sarrafa arzikinta a gida ba laifi ba ce, amma gara a rubuta wannan 'yanci cikin doka ga kowa, da a bar shi ga mai ƙarfin yin kunnen uwar shegu da hukunci. Indonesiya na da nikel ɗin da duniya ke nema, shi ya sa ta sha. Lesotho ba ta da shi.

Tsarin bai gama mutuwa ba. Shugabar ƙungiyar, Ngozi Okonjo-Iweala, ta sha nanata cewa fiye da kashi 70 cikin ɗari na cinikin kaya har yanzu bisa ƙa'idojin nan yake gudana. Yarjejeniyar rage tallafin kamun kifi ta fara aiki a Satumban 2025. Tun 2020 kuma Tarayyar Turai da China da Brazil da wasu suka kafa wa kansu kwamitin sulhu na wucin gadi, suka yi alkawarin ba za su ɗaukaka ƙara zuwa ɗakin da ba kowa ba. Amurka ba ta ciki, Indiya ma haka, kuma ƙasashen Afirka da suka sa hannu ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, alhali su suka fi kowa buƙatar alƙali.