Wata huɗu ina jira, kalma biyu suka ba ni

Jiya aka dawo mini da kwandalata, har yanzu raina bai huce ba. Dalar azurfa ce ta Amurka, wadda ake kira Morgan, bugun 1881, gadon mahaifina. Na tura ta wurin masu tantancewa su tabbatar ba jabu ba ce, su ba ta makin kyan yanayinta a ma'aunin Sheldon mai tashi daga 1 zuwa 70. Na biya kuɗin rajista, na biya na dubawa, na biya inshora da kuɗin aikawa. Wata huɗu cur ina zuba ido. Da na buɗe ƙunshin, ga ta a garƙame cikin roba, ba maki, sai kalma biyu: "an goge", wato wai an taɓa goge fuskarta don ta yi ƙyalli.

Duk mai tara tsoffin kuɗi ya san yadda wannan hukunci yake karya darajar kwandala. Sai na buga waya.

Na yi sallama, na gabatar da kaina, na ce, "Don Allah a wane gefe kuka ga alamar gogewa?" Ma'aikacin kamfanin da ya ɗauki wayar ya ce, "Malam, abin da aka rubuta shi ke nan." Na ce na sa gilashin ƙara girma, na juya ta a hasken fitila, ban ga siraran layukan da tsumma ke bari ba, ƙyallinta na asali yana nan har cikin gashin tsuntsun da ke jikinta. Ya yi tsaki, tsaki fa, a kunnena! Ya ce, "In kun fi mu sani, me ya sa kuka turo?" Na haɗiye fushina na roƙi a haɗa ni da wanda ya duba ta. Wai ba a magana da su. To yaya zan yi? "Ku sake biya a sake dubawa." Ƙit, ya kashe wayar.

Wannan ba shi ne karon farko ba. Shekara da shekaru mu masu tara kwandaloli muna shan wannan wulaƙanci. Kwandala ɗaya, yau a ba ta 63, a fasa robar a sake turawa ta dawo 64, kuma wannan maki ɗaya tak yana iya sauya farashi sosai. Wa ya yi kuskure? Ba mai amsawa.

Ina hukumomin kare haƙƙin masu saye? Kamfani mai zaman kansa ya yanke hukunci kan dukiyarka, shi ne alƙali, shi ne kotun ɗaukaka ƙara, kuma kowane zama kai za ka biya. Jabun kwandaloli sun cika intanet, har robar da takardar makin ana ƙera na bogi, gwamnatoci sun yi shiru. Mu ma da laifinmu, mun daina koyon duba kwandala da idonmu, lamba kawai muke saye.

Mahaifina ya fi shekara 40 yana riƙe ta ta gefe kawai, don kada yatsa ya taɓa fuskarta. Shi ne yau ake ce mini ya goge ta, kuma an ƙi nuna mini inda ya goge.