Waliyyi bai rusuna ba, masu ɗaukarsa ne suka rusuna

Wani abokina da ke tsinkar lemo a yankin Rosarno, can kudancin Italiya, ya turo mini saƙon murya yana ta dariya. Wai hira ce ta biyo da su ta kan mutumin nan na garin Corleone da kotun ƙolin ƙasar ta tabbatar wa ɗaurin wata shida a 2022 saboda ya kaɗa ƙararrawa ya tsayar da jerin gwanon waliyyi a ƙofar gidan iyalin wani shugaban Mafiya, sai mai gonar da suke wa aiki ya girgiza kai ya ce duniya ta zo ƙarshe, tunda yanzu kaɗa ƙararrawa ma ya zama laifi. Abokin nawa ya goyi bayansa ɗari bisa ɗari. "Malam, al'adarsu ce fa," in ji shi. "Sun ɗauko waliyyinsu, sun tsaya sun huta a ƙofar wani gida, shi ke nan sai kurkuku?"

Ni dai ban yi dariyar ba. Wannan kalma ta "al'ada ce" na gaji da jin ta, a bakin Bature ko a bakin Bahaushe, domin duk inda ka ji an yi saurin jawo ta, to akwai abin da ake son rufewa.

Wanda ke bin labaran ƙasar ya san maganar. A ƙarshen watan Mayun 2016 ne jerin gwanon Waliyyi Yohanna a Corleone ya tsaya a ƙofar gidan iyalin Totò Riina, shugaban Mafiyar Sisili, mutumin da ya sa aka tashi alƙali Giovanni Falcone da bam a watan Mayun 1992, sannan abokin aikinsa Paolo Borsellino bayan wata biyu. Lokacin Riina yana kurkuku tun 1993. Jami'an tsaron da ke rakiyar jerin gwanon suka fice daga cikinsa nan take, suka kai rahoto. Masu kare mutumin suka ce ai ba a karkata mutum-mutumin ba, tsayawa kawai aka yi. Kotu ba ta karɓi wannan ba, ta same shi da laifin hargitsa ibada. Hukuncin ya yi daidai, kuma in da abin da zan yi ƙorafi a kai, to ƙarancinsa ne.

Sai mutum ya san yadda irin wannan biki yake kafin ya gane nauyin tsayuwar. Kusan kowane ƙaramin gari a kudancin Italiya yana da waliyyin da ya riƙa a matsayin majiɓincinsa, kuma ranarsa ita ce babbar ranar shekara. Tun da sauran watanni kwamitin biki ke bi gida-gida yana karɓar gudummawa. A kafa bakunan fitilu masu launi a kan babban titi, a ɗauko 'yan badujala daga wani gari, a tanadi wasan wutar da za a rufe dare da shi. 'Yan garin da suka tafi neman abinci Jamus ko Torino su dawo da 'ya'yansu, gidajen da suka shekara a kulle a buɗe su a share. Da yamma, bayan an gama addu'a a coci, a fito da mutum-mutumin waliyyin a kan wani gado mai nauyin gaske, maza da dama su saɓa shi a kafaɗa. Mata su shimfiɗo mafi kyawun zannuwan gadonsu daga bene. Tsofaffi da marasa lafiya a fito da su bakin ƙofa a kan kujera.

Gadon nan ba ya motsi da kansa. Akwai mutum ɗaya a gaba riƙe da ƙararrawa: ya kaɗa a ɗaga, ya kaɗa a sauke. Kowa a garin ya san inda ake tsayawa tun zamanin kakanni, ya san kwanar da ake hutawa, ya san ƙofar da ake ɗan dakatawa saboda akwai majinyaci a ciki. Saboda haka ran da ƙararrawa ta yi ƙara a wurin da ba ta saba ba, babu mai buƙatar tafinta. Yaro ɗan shekara goma ma ya fahimci saƙon: mai gidan nan, ko yana kurkuku ko yana ɗaki, har waliyyin gari sai ya biyo ya kwashi gaisuwa.

Masu cewa "daƙiƙa nawa ce duka-duka" su tambayi kansu jafi daƙiƙa nawa ne. Mahayi ya sako doki a guje, ya ja linzami a gaban sarki, ya ɗaga hannu ya yi jinjina, ya juya. Ƙiftawa da bismilla an gama. Amma a sa mahayan gari su yi wannan jafin a ƙofar gidan ɓarawon shanu ranar hawan sallah, a ga ko akwai wanda zai ce ai dawakan ne suka gaji.

Abin da ya faru a Oppido Mamertina ya fi na Corleone fitowa fili. Gari ne mai mutum wajen dubu biyar a yankin Kalabriya. Ranar 2 ga Yulin 2014 aka fito da mutum-mutumin Maryamu, aka tsaya da shi kusa da gidan Giuseppe Mazzagatti, tsoho ɗan shekara 82, jigo a ƙungiyar 'Ndrangheta, wato Mafiyar Kalabriya, wanda aka yanke wa ɗaurin rai da rai amma yake zaman talala a gida saboda rashin lafiya. Shugaban jandarmomin garin ya janye mutanensa ya bar wurin. Manyan gari suka ci gaba da tafiya abinsu, daga baya aka fito ana cewa ai an daɗe ana juya mutum-mutumin ta wannan ɓangaren. Dubi kwanan watan da kyau. Ranar 21 ga Yuni, kwana goma sha ɗaya kacal kafin nan, Fafaroma Francis ya tsaya a filin Sibari, a cikin Kalabriyar nan dai, ya faɗa wa dubban mutane cewa 'yan Mafiya korarru ne daga coci. Abin da ya kai shi yankin har da kisan wani yaro ɗan shekara uku da aka ƙone gawarsa a mota tare da kakansa a farkon shekarar. Shugaban darikar Katolika na duniya ya yi magana, ba a yi mako biyu ba aka ba shi amsa a kan titi. Ruwa ba ya tsami banza.

A Paternò kuwa, kusa da Kataniya, bikin majiɓinciyar garin ce kanta, Waliyyiya Barbara, aka yi amfani da shi a Disambar 2015, inda masu ɗauke da manyan kyandirorin bikin suka je suka yi rangaji a ƙofar gidan wani ɗaurarren ɗan Mafiya. Wannan ma al'ada ce?

Ga abin da na daɗe ina faɗa, kuma zan sake faɗa: babban mai laifi bai damu da kuɗi kamar yadda ya damu da girma ba. Kuɗi yana da su. 'Ndrangheta na cikin manyan masu shigo da hodar ibilis Turai, tashar jiragen ruwan Gioia Tauro kuma tana nan kusa da gonar da abokina ke tsinkar lemo. Bindiga ma yana da ita. Abin da kuɗi da bindiga ba sa iya ba shi shi ne a gan shi mutumin kirki a idon jama'a, a ce da shi dattijon gari. Wannan sai jama'a sun miƙa masa da hannunsu, a bainar nasi, a ranar da kowa ke waje. Da wannan girman yake karɓar harajin dole a hannun mai shago ba tare da ya zaro makami ba. Da shi yake sa shaida ya manta abin da ya gani. Matar da aka kashe wa ɗa, tana tsaye a bakin titi da kyandir a hannu, ta ga waliyyin da take kai wa kuka ya tsaya a ƙofar wanda take zargi, wa kuma za ta kai wa ƙara? Abin da aka sace a daƙiƙun nan ba na coci kaɗai ba ne, na duk wanda ya jefa 'yan kuɗinsa a asusun kwamiti ne.

Shi ya sa suke kokawa a kan abin da wani zai ɗauka wasa ne. A wasu garuruwan har gwanjon gurbin ɗaukar gadon ake yi, wanda ya fi taya kuɗi shi ke sa kafaɗa a gaba, ka kuwa san wanda babu mai ƙarfin halin taya sama da shi. A garin Sant'Onofrio, a 2010, da aka ce ba za a bar mutanen 'Ndrangheta su ɗauki mutum-mutumi a bikin Ista ba, harbi aka yi a ƙofar gidan shugaban masu shirya bikin, dole aka ɗaga taron. Wanda ke harbi saboda an hana shi saɓa katako a kafaɗa ya fi mai gonar lemo sanin darajar katakon.

Kuma kada wani ya ce cocin ba ta da hannu. Shekaru aka kwashe ana karɓar kuɗin gyaran rufin coci ba a tambayi inda suka fito ba, ana ɗaura auren 'ya'yan manyan da gagarumin biki, ana yi musu jana'iza ta alfarma. A wurin ibadar Polsi, can cikin duwatsun Aspromonte, 'yan sanda sun ɗauki hoton bidiyon shugabannin 'Ndrangheta suna taronsu a lokacin bikin Maryamu na Satumban 2009. Gaskiya ne akwai waɗanda suka tsaya. Fafaroma John Paul na Biyu ya daka wa 'yan Mafiya tsawa a Agrigento a watan Mayun 1993, bayan wata huɗu aka harbe Fada Pino Puglisi a unguwar Brancaccio ta Palermo, ranar zagayowar haihuwarsa, saboda yana janye yara daga hannunsu. Amma fada ɗaya da aka kashe ba ya wanke ɗari da suka sunkuyar da kai suka bi bayan gado.

Na san wani mai karatu zai ce shi duk wannan ɗaukar mutum-mutumi ba ya cikin addininsa, me ya dame shi. Ya adana wa'azinsa, ba a kan aƙida muke ba. Ya tuna watan Yulin 2022, lokacin da Sarkin 'Yandoton Daji a jihar Zamfara ya naɗa Ado Aleru sarautar Sarkin Fulani, mutumin da 'yan sandan Katsina suka sa ladan naira miliyan biyar a kansa tun 2020. An yi taro, an naɗa rawani da rana tsaka. Hujjar da aka kawo ita ce neman zaman lafiya. Gwamna ya dakatar da sarkin da aka yi ca, kafin shekara ta zagayo aka mayar da shi kujerarsa. Rawanin nan da ƙararrawar Corleone uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Ba sai na je kan sahun gaba a filin idi ba, ko ranar ƙaddamar da gidauniyar masallaci da coci, inda mai lasifika ke jero kirarin wanda kowa ya san da kuɗin wa ya zo.

Akwai kuma masu ganin maganin shi ne a soke bikin baki ɗaya. Bishop ɗin Oppido na lokacin, Francesco Milito, haka ya yi: ya dakatar da duk wani jerin gwano a yankinsa, aka fi shekara ba a fito da waliyyi ko ɗaya ba. Na fahimci fushinsa, amma an bar jaki ana dukan taiki. Tsohuwar da ta shekara tana jiran a wuce ta ƙofarta ita aka hukunta, da mai sayar da alewa, da ɗan gari da ya sayi tikiti daga Jamus. Tsohon da ke zaman talala bai rasa komai ba, sai ma ƙarin suna da ya samu, wai shi ne wanda saboda shi gari ya kwana ba biki. Kanawa da aka hana hawan sallah a 2024 da 2025 saboda rigimar manya sun san wanda irin wannan hani ke ci.

Abin yi ba boyayye ba ne, zuciyar yi ce babu. A rubuta hanya da wuraren tsayawa tun kafin ranar, a manna a ƙofar coci. A daina gwanjo, a daina liƙa wa waliyyi kuɗi kamar amarya. Mai shari'a a wuya kada ya sa kafaɗa. Bishop-bishop ɗin Kalabriya sun fitar da ƙa'idoji irin waɗannan tun 2015, saura a samu mai tsayawa a kansu ran da gari ya cika, ganga na tashi, ƙartai ashirin suna hararsa. In aka kauce hanya, fada ya cire rigarsa ta ibada ya juya gida, a bar su da katako. Wanda ya kaɗa ƙararrawar kuma a kai shi gaban alƙali shi kaɗai da sunansa, kamar yadda aka yi.

Na mayar wa abokina amsa da daddare. Na tambaye shi ko mai gonar nasu ya taɓa faɗa musu dalilin da ya sa a Janairun 2010 'yan Afirka masu tsinkar lemo suka yi bore a Rosarno, bayan an harbi wasu daga cikinsu, aka kwashe su a motoci aka fitar da su daga garin. Na tambaye shi kuma wa ke yanke kuɗin kwandon lemo a wannan kwarin. Ya saurara, alamar ta nuna shuɗi, har yanzu bai ce komai ba.