Tufka da Warwara a Allon Salula

Daren Asabar ɗin da ta wuce, a fadarmu ta Bukoki nan Yamai, wani ƙanenmu ya miƙo mini salularsa tana zafi kamar an tsamo ta daga garwashin shayi. An ɗauke wuta tun magariba, ya maƙala ta jikin ƙaramin batirin caji, ya ɗora ta kan jiƙaƙƙen tsumma don ta huce. Ya ce, "Yaya, duba ka gani, na kai Heroic. Amma wallahi abin ya daina yi mini daɗi, sabon asusu zan buɗe in faro daga ƙasa." Heroic babban mataki ne a wasan salula na Free Fire, wata biyu ya yi yana wannan hawa. Kofinsa na shayin farko ya huce a gefe, ƙuda na iyo a ciki, bai ma san an zuba masa ba.

Ƙannena masu Free Fire da PUBG da Call of Duty, da ku nake. Ni ma na yi, har yau nakan taɓa, don haka kada wani ya ce tsoho ne bai san daɗin abin ba.

Wannan komawa matakin farko da kuke ɗauka dabararku ce, an riga an gina muku ita tun kuna goye. A 2007, Call of Duty 4 ya fito da abin da ya kira Prestige. In ka kai mataki na 55, wato ƙololuwa, sai a ce maka: kana so ka koma na 1? In ka yarda, a karɓe bindigogin da ka sha wahala ka buɗe, a manna maka 'yar tambari kusa da sunanka. Shi ke nan ladan. Kuma sau 10 ana iya yi. Mutane suka yi ta yi da murnarsu. World of Warcraft, wanda ya fito a 2004, a 2019 aka sake buɗe tsohon salonsa don manya masu gemu su koma su sake hawa zuwa mataki na 60 da suka riga suka hau tun suna samari. A salula kuwa ba a ma tambayarka. Zangon wasa na ƙarewa, Free Fire da PUBG Mobile su sauke maka galo, wato matakinka, ka wayi gari ƙasa da inda ka kwana.

Me ya sa? Saboda masu ƙera wasan sun san inda zumar take. A farko komai da sauri yake zuwa. Ka buga sau biyu an ɗaga ka, allo ya yi walƙiya, an ba ka sabuwar riga. Kana yin sama tazarar na ƙara tsawo, sai ka kwana uku ba ka motsa ba, ga abokan karawa sun zama ƙwararru. A nan ne mutum ke fara hamma, ya tuna akwai duniya. To kamfani ba ya son ka tuna. Wanda ya ajiye wasa ba ya sayen diyamon, wato kuɗin cikin wasa da ake saya da kuɗin gaske. Sai a buɗe maka ƙofar baya a ce koma ka sake ɗanɗana zaƙin farko. Hausawa na cewa ja da baya ga rago ba tsoro ba ne, amma shi rago in ya ja baya karo zai kai. Kai wa za ka kai wa?

Mu yi lissafi, ku da kuke ƙin lissafi. A ce awa 3 kake yi kowane dare. Kwana 60, awa 180 ke nan. A ce forfen intanet na dala 100 kake sa wa a rana, cikin kwanakin nan jika 30 sun tafi, ban sa diyamon ba. In ka buɗe sabon asusu, rigunan da ka saya da kuɗinka suna can a tsohon, ba su biyo ka. Yaron da nake ba ku labari jarrabawar BEPC ke gabansa bana. Awa 180 ɗin da zai sake zubawa, ko rabinta ya ba littafin lissafi da mahaifiyarsa ta huta da zullumi. Kuma ajin da aka maimaita ba a manna wa kowa tambari.

Akwai wanda ya fi ba ni haushi. Wasunku ba don marmarin farko suke komawa ƙasa ba, don cin zali ne. Hannunka ya ƙware, ka san kowane lungu na taswira, sai ka sa rigar baƙo ka faɗa cikin yaran da jiya suka sauke wasan, ka kashe 15 ka ɗauki hoton allo ka sa a WhatsApp. Ko a filin kokowa, wanda ya taɓa ɗaukar takobi ba ya tuɓe riga ya kama ɗan shekara goma, in ya yi kuwa dariya za a yi masa. Shi ma mai cewa zai sayar da tsohon asusu ya mayar da kuɗinsa, ya sani dokar wasannin ta hana, ana iya rufe shi, kuma mai saye a intanet sau da yawa lambar sirrin kawai yake jira ya ɓace.

Ban ce wasa haramun ne ba, wannan ba fagena ba ne. In abokinka ne ya shigo sabo kana so ku tashi tare, ko hutu aka yi ba ka da abin da ke jiranka, Allah ya ba da sa'a. Amma ka duba kanka da gaske. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta sa jarabar wasan allo cikin jerin cututtuka, kuma alamomin ba yawan awoyi kaɗai ba ne: ka kasa tsayawa in ka so tsayawa, wasa ya sha gaban sauran al'amuranka, ka ga ɓarnar da idonka ka ci gaba. In an kira asuba kana cewa bari in gama wannan zagayen, in Inna ta aike ka kasuwar Katako ka ce rezo ne ya riƙe ka, to kada ka taɓa maɓallin buɗe sabon asusun nan. Gajiyar da ka ji a ƙololuwa, wasan ne ya ƙare maka. Ka bar asusun yadda yake, ka yi mako biyu ba ka buɗe ba, ka ga ko wani abu zai same ka.

Haka na faɗa wa ƙanen namu, yana ta gyaɗa kai yana "gaskiya ne, Yaya". Da aka zo shayi na uku na leƙa allonsa, ya riga ya fara zaɓen sunan sabon asusu. Na karɓe batirin cajin, don dama nawa ne.