Ba gudu ne ke kayar da yaranmu ba, takarda ce

Ni ɗan Garwa ne a arewacin Kamaru, yau shekara bakwai ina Tuluz a Faransa ina tuƙa motar kai kaya. Aiki kan kai ni wani ɗan gari Kastelnodari, nan ne barikin da ake horar da kuratan Lejiyo, wato rundunar baƙi ta Faransa da aka kafa tun 1831. Duk sanda na hango su a tashar jirgin ƙasa, kai ƙwal, riga ta sha guga kamar za ta yanki mutum, wlh sai ƙanena ya faɗo min a rai, shi da ya yi nasa horon na sojan Kamaru a Ngaundal can Adamawa kan hanyar jirgin Yawunde zuwa Ngaundere.

Ranar da ya dawo gida Inna ba ta gane shi ba sai da ya yi sallama, ya rame ya yi baƙi, an zuba masa tuwo kafin a kawo ruwan wanke hannu na biyu har ya suɗe kwano, ya ce Inna ki yi haƙuri can minti ake ƙirga mana. Na tambaye shi me yafi wuya, ina jiran ya ce gudu ko tsallen kwaɗo, sai ya ce Yaya gyaran gado ne. Tun kafin kiran assalatu an busa usur, ga sanyin Adamawa da ɗan Garwa bai saba dashi ba, ka ja bargo ya miƙe sak, ka goge ranjas ɗinka wato takalmin soja, ka share ɗaki, in mutum ɗaya ya yi sakaci dukkan ku ne za ku sha gwale-gwale a fili. Ya ce a sati na farko sun tsani wani yaro ɗan kudu saboda kullum shi ke ja musu, a sati na uku kuma su ke tashi su gyara masa gadon, daga baya shi ya riƙe masa jaka wata rana da ƙafarsa ta kumbura a doguwar tafiya.

Wani ɗan Lejiyo da muke haɗuwa a masallaci ran Juma'a ya ba ni nasu labarin, kusan duk ɗaya ne. A tantance ka a Oban kusa da Marsai, a kawo ka Kastelnodari kusan wata huɗu, watan farko a wata gona nesa da gari ba waya ba kowa, ƙarshensa tafiyar ƙafa ta wajen kilomita 50 da kaya a baya sannan a ba ka farar hular nan. Hatta layin gugar riga akwai yadda ake auna shi. Kwantiragi shekara 5.

Amma ga inda muka bambanta, kuma shi ya sa na zauna rubutun nan da daddare. Su basa tambayar ka shaidar gama makaranta, ka iya karatu da rubutu a yarenku ya isa, Faransancin a ciki za'a koya maka. A haɗa ka da wanda ya iya, a nuna maka cokali a faɗi sunansa ka maimaita, a nuna bindiga ka maimaita, ka kuskure ka yi dungure ka sake, haka ɗan Nepal da ɗan Barazil ke fita suna jin umarni. Mu kuwa a Kamaru kafin ka taka filin gudu sai dosiye, wato takardun neman shiga, ta cika, takardar haihuwa, katin ɗan ƙasa, shaidar makaranta ko da CEP ce, ta gama firamare. Ita CEP ɗin ma ba'a zana ta sai da takardar haihuwa, wanda duk ya san ƙauyukan wajen Mora da Kuseri da Yagwa ya san yara nawa aka haifa a gida ba wanda ya je ya rubuta su.

Abin na min ciwo ne don na san yaran nan. Yaron da ya tashi a makarantar allo, asuba yana gaban wuta da allonsa, ko wanda ya yi kiwo tun yana shekara bakwai yana bin shanu yini guda da gorar ruwa ɗaya, wane tashin sassafe za'a koya masa? Gudun kilomita 20 da buhun kilo 20 da ake yi wajen ɗaukar BIR, rundunar kai ɗaukin gaggawa ta Kamaru, akwai waɗanda nauyin da suke ɗauka a kasuwar Marwa kullum ya fi haka. Ɗan maƙwabcinmu ya yi wata uku yana atisaye a bakin Binuwai da buhun yashi, da takalmin roba, ranar kai dosiye aka ce babu takardar haihuwa, ko layi bai shiga ba. Yanzu acaba yake yi. Kuma yaƙin Boko Haram da aka sha a Kolofata da Fotokol da Amcide tun 2014 a ƙofar gidajensu aka yi shi, su suka san daji, su ke jin Kanuri da Larabcin Shuwa da Fulatanci da Hausa.

Ba ina cewa a zubar da sharaɗi bane, soja dole ya karanta umarni ya rubuta rahoto. Ina cewa abinda ake koya wa baƙo a wata huɗu a nan, za'a iya koya wa ɗan ƙasa a can. Mu ma iyaye da laifinmu, a yanka rago ran suna a tara gari, amma zuwa meri, ofishin magajin gari, a karɓo takarda ɗaya sai ya gagara, sai yaro ya girma an koma bin kotu ana kashe kuɗi ana neman shaidu.

Jiya na kira babban wanmu na ce Yaya yaranka biyar su nawa ke da takarda, ya ce biyu. Na tura masa jaka talatin na ce ran Litinin dan Allah ya fara da na ukun, shi ke aji biyar bana.