Bangon Ankara da abin da Agustus ya ƙi faɗa

Duk wanda Allah ya kai shi Ankara, ya je masallacin Haji Bairam da ke unguwar Ulus, in ya idar da sallah kada ya sa takalmi ya kama gabansa. Ya ɗan zagaya ta gefe. Akwai wani tsohon gini na dutse manne da kusurwar masallacin, ba rufi, tantabaru na sauka suna tashi a kansa. Ranar da na je, na daɗe a tsaye bakin shingen kafin idona ya fara tsinto layukan baƙaƙe a jikin bangon, wasu ruwan sama ya cinye su, wasu kuwa raɗau. An gina masallacin wajejen 1427, amma bangon nan ya girme shi da shekara fiye da 1,400.

Maganar Agustus ce a jiki, sarkin daular Rum na farko. Kafin ya mutu a shekara ta 14 Miladiyya, ya rubuta ayyukansa da kansa, ya bar wasiyya a zana su a tagulla a ƙofar kabarinsa. Tagullar ta ɓace. Kwafin da aka yi a lardin Galatiya, inda Ankara take, shi ya tsira: na Latin a bangon ƙofar shiga, fassarar Girkanci a bangon waje, domin mutanen gabashin daular Girkanci suke karantawa. A 1555 ne Busbek, jakadan da aka turo daga Turai wurin Sultan Sulaiman, sarkin Turkawa, ya sa aka kwafe shi, daga nan Turawa suka san da shi. Masanin tarihin nan na Jamus, Mommsen, har sarauniyar rubuce-rubucen dutse ya kira shi.

Ban musa darajarsa ba ko kaɗan. Abin da ke damuna shi ne yadda muke sakin jiki da zarar an ce mana "ai a dutse aka samu". Sai ka ga mai ilimi ya ajiye tambaya, kamar daɗewar rubutu ita ce shaidar gaskiyarsa. Jama'a, wannan fa mai mulki ne yake ba da labarin mulkinsa, yana da shekara 75 da 'yan watanni, ya san ya kusa tafiya, ya kuma san abin da yake so jikoki su riƙe.

Ku ji yadda ya buɗe: yana ɗan shekara 19 ya tara runduna da ra'ayin kansa da kuɗin aljihunsa, ya ceci ƙasa daga hannun wani gungu da ya danne ta. Wane gungu? Bai faɗa ba. Antoni yake nufi, mutumin da daga baya suka haɗa kai suka raba mulki, suka fitar da jerin sunayen waɗanda za a kashe a ƙwace dukiyarsu a shekara ta 43 kafin Miladiyya. A cikinsu har da Sisero, gwanin magana na Rum. Bangon bai san da wannan jerin ba. Abin da ya ce shi ne, duk ɗan ƙasar da ya nemi afuwa ya yafe masa.

Inda lissafi ke masa daɗi kuwa, ba ya barin ko ɗaya. Ya gyara wuraren bauta 82 a cikin birni. Ƙidayar farko ta ba da 'yan ƙasa 4,063,000, ta ƙarshe 4,937,000. Mutum kusan 10,000 suka yi faɗa a wasannin da ya shirya wa jama'a. Masana na amfani da waɗannan alƙaluma har yau, kuma sun cancanci haka. To amma a shekara ta 9 Miladiyya, runduna uku na Rum ƙarƙashin Barus suka halaka ƙurmus a dajin Jamus. Marubutan Rum sun ce abin ya gigita Agustus, har yana buga kai da ƙofa yana kiran Barus ya dawo masa da rundunarsa. Ka karanta sashe 35 na rubutun daga farko har ƙarshe, babu sunan Barus, babu dajin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi ya sa ya ja tabarma ya rufe wurin.

Ba ma sai ya shara ƙarya ba. Zaɓe ya yi, ya ɗauki wannan ya bar wancan, sannan aka fassara zaɓen nasa domin na nesa ma ya ji.

Layin da ya fi tsaya mini a rai gajere ne. Ya ce ya tsarkake teku daga 'yan fashi, kuma a wannan yaƙin ya kama bayi kusan 30,000 da suka gudu suka ɗauki makami, ya miƙa su ga iyayengijinsu domin a hukunta su. "'Yan fashin" nan rundunar Sekstus Fompe ce, Barume ɗan babban gida, abokin hamayyarsa a yaƙin basasa. Su kuma bayin, cikin jerin nasarori ya saka su, kusa da garuruwan da ya ci. Wani marubuci na baya, Orosiyus, ya ƙara abin da bangon ya tsallake: akwai wasu 6,000 da ba a gano masu su ba, su gicciye su aka yi. Ina tsaye a wurin aka kira la'asar, mutane na ta wucewa ta gefen bangon da ruwan alwala a fuska, ni kuwa hankalina na kan mutum 6,000 ɗin nan, waɗanda ko adadinsu ba a sassaƙa ba, da Latin ko da Girkanci.